Babi na Huɗu: Awa Hamsin da Ɗaya

A shekarar 1851 birnin Landan ya cika ya batse. An kafa wani katafaren gini na ƙarfe da gilashi a filin Hyde Park domin baje kolin masana'antu na duniya, kuma tsakanin watan Mayu da Oktoba sai da aka ƙirga shigar 'yan kallo kimanin miliyan 6. Ingila ta shirya bikin ne don ta nuna cewa a harkar ƙira ba ta da na biyu, kuma cikin abubuwan da take bugun ƙirji da su har da makullai. Bankuna da attajirai da ma'aikatun gwamnati duk sun saki jiki da sunaye biyu, Chubb da Bramah. In akwatinka na ɗauke da makullin ɗayansu, sai ka yi barci har da minshari.

Kamfanin Bramah ya yarda da kansa har ya ajiye wani kwaɗo a tagar shagonsa da ke titin Piccadilly, tare da sanarwar cewa duk wanda ya buɗe shi ba da mabuɗinsa ba za a ba shi fam 210, kuɗin da lebura zai yi shekara da shekaru yana aiki bai tara ba. Kwaɗon ya yi kimanin rabin ƙarni a wurin, masu wucewa na leƙe, babu wanda ya ci kyautar.

Ana nan sai ga wani Ba'amurke, Alfred Charles Hobbs, ya zo baje kolin yana tallan makullan kamfanin Day & Newell na birnin Niyok. Salon tallansa a gida sananne ne. Yakan shiga banki ya nemi izini, ya buɗe makullin da suke taƙama da shi a kan idonsu, sannan ya zuge jaka ya fito da nasa na sayarwa. A watan Yuli ya tara shaidu ya buɗe makullin Chubb da ke jikin ƙofar wani ɗakin ajiya cikin minti 25. Daga nan ya doshi Piccadilly. Aka ɗauko kwaɗon aka kai shi wani ɗaki, aka rufe jikinsa da katako ta yadda ramin mabuɗi kaɗai ke waje, aka ba shi kwana 30. Ya yi awa 51 yana fama, a rarrabe cikin kwana 16, kwaɗo ya buɗe. Bayan 'yar jayayya alƙalan gasar suka ce a biya shi, aka biya.

Jaridu suka ɗauka, hankalin masu dukiya ya tashi. Sai dai wanda ya natsu ya duba lissafin zai ga abin da hayaniyar ta rufe. Ga ƙwararre wanda ba shi da tsara a zamaninsa, ga kayan aiki da ya ƙera musamman, ga haske, ga wurin zama, babu mai gadi, babu kare, babu fargabar a kama shi, amma sai da ya ci awa 51. Wane ɓarawo ke da wannan sarari? Darasin da maƙera suka ɗauka daga wannan shekara, wanda har yau a kansa sana'ar take tsaye, shi ne duk abin da hannu ya kulle hannu na iya buɗewa. Wanda ya sayi kwaɗo lokaci ya saya, kuma tarihin tsare akwati daga farkonsa ƙoƙari ne na ƙara wa ɓarawo mintoci.

Zamanin nauyi da yaudara

Makulli mafi daɗewa da aka sani na itace ne, daga tsohuwar Masar da ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu. Sakata ce mai 'yan ramuka a bayanta. In aka tura ta, wasu 'yan turaku na itace su faɗo cikin ramukan su riƙe ta. Mabuɗin wani katako ne mai haƙora da aka jera daidai da ramukan, a zura shi a ɗaga turakun, sakata ta zame. Har yau ana ganin irinsa a ƙofofin rumbunan Dogon da Bambara a Mali, da sassaƙa mai ban sha'awa a jikinsa.

Rumawa suka koma ƙarfe, suka ƙanƙanta abin har mabuɗin akwatin kayan ado ya zama zobe da ake sawa a yatsa. Dabarar da suka yaɗa ita ce sa shingaye a cikin makullin, a kuma yanka wa mabuɗin tsagogi da za su ba shi hanya ya kewaye shingayen ya taɓo sakata. Wannan dabara ta yi fiye da shekara dubu tana mulki a Turai duk da raunin da kowane ɓarawo ya sani. Sai ya shafa kakin zuma a jikin mabuɗin da ba a yanka ba, ya zura, ya ɗan murɗa, ya zaro. Duk inda shinge ya taɓa zai bar shaida a kan kakin, sai ya sa magagari ya goge wurin. Wanda ya fi wayo ma goge mabuɗin yake yi gaba ɗaya ya bar ɗan bakin da ke tura sakata, ya sami abin da zai buɗe makullai da yawa.

Da yake zuciyar makullin ba ta da ƙarfi, maƙera suka koma dogaro da nauyi da ruɗu. Akwatunan ƙarfe da aka riƙa ƙerawa a biranen Nuremberg da Augsburg na Jamus a ƙarni na 16 da na 17 su ne ƙololuwar wannan tunani. An ɗaure jikinsu da faffaɗan ƙarafa a gicciye. A gaba akwai ƙaton ramin mabuɗi mai ado, wanda na ƙarya ne, bai kai ko'ina ba. Na gaskiyar yana saman murfi, a ɓoye ƙarƙashin wani ɗan faranti da sai wanda ya sani zai ture shi. In ka ɗaga murfin ka dubi cikinsa, za ka ga makullin ya mamaye shi kaf, sanduna da sifirin sun sarƙe da juna, murɗawa ɗaya ta janye sakatu takwas, ko goma sha biyu, ko fiye, daga kowane gefe. Da yawansu akwai huji a ƙasa don a ɗaure su da daɓen ɗaki ko na jirgin ruwa. Maƙerin ya san ɓarawon da ya kasa buɗe akwati zai yi tunanin ya sungume shi.

A ƙasashen Musulmi an bi wata hanya dabam, ta raba mai kaya da mabuɗi ɗungurungum. Injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir a Turkiyya ta yau, ya bayyana a littafinsa na 1206 wani akwati mai faya-fayai huɗu a murfinsa, kowanne da haruffan Larabci, wanda ba ya buɗuwa sai an juya kowane faifai zuwa harafinsa. A wani gidan tarihi a Kwapanhagan akwai ragowar wani akwatin tagulla irin wannan, ɗauke da sa hannun maƙerinsa, Muhammad ibn Hamid al-Asturlabi mutumin Isfahan, da shekarar 597 ta Hijira, wajen 1200 ke nan. Mabuɗin da ke cikin kai ba ya faɗuwa daga aljihu, ba a kuma shafa masa kaki. Kusa da mu, maƙeran Buzaye na ƙasar Agadas sun shahara da kwaɗunan ƙarfe da tagulla na rufe jakunkunan fata, wasu sai da mabuɗi biyu ko uku, ɗaya ya buɗe hanyar da na gaba zai shiga.

Lokacin da awo ya shigo

Canji na gaske ya zo a 1778, da wani Bature mai suna Robert Barron ya sa wa makulli harsunan ƙarfe masu tare sakata. Kafin shi, in ka ɗaga abin da ya tare sakata sama ya isa. A nasa kuwa, kowane harshe sai an ɗaga shi zuwa wani tsayi ƙayyadadde. Ya gaza, sakata ba ta motsi. Ya zarce, ba ta motsi. Tsawon haƙoran mabuɗi ya zama shi ne sirrin.

Shekara shida bayan haka, a 1784, Joseph Bramah ya fito da nasa. Mabuɗinsa ɗan bututu ne mai tsagogi a baki, kowace da zurfinta. In aka danna shi, yana tura wasu siraran ƙarafa da aka jera a da'ira cikin 'yar ganga, kowanne da giɓi a gefensa. Sai giɓin dukansu ya daidaita a layi ɗaya gangar ke juyawa. Kwaɗon Piccadilly yana da irin waɗannan ƙarafa 18. Matsalar Bramah ita ce hannu da magagari ba sa iya fitar da sassa masu wannan daidaito da yawa a farashin da za a saya. Sai ya ɗauki wani saurayi ɗan shekara 18, Henry Maudslay, suka ƙera injunan da ke yanka sassan. Maudslay ya zama ɗaya daga cikin iyayen injunan yankan ƙarfe na zamani. Tsoron ɓarawo na cikin abubuwan da suka koya wa masana'antu auna ƙarfe da kyau.

Na uku shi ne Jeremiah Chubb. A 1817 aka yi sata da mabuɗin jabu a tashar jiragen ruwan yaƙi ta Portsmouth, gwamnati ta sa gasa, Chubb ya ci fam 100 da makullin da ya yi wa rajista a 1818. Abin da ya ƙara a kan na Barron ɗan tarko ne. In mai lalube ya ɗaga wani harshe fiye da kima, tarkon ya kama shi, makulli ya cije. Ko mai gida ya zo da mabuɗin gaskiya ba zai buɗu ba sai an saki tarkon, wanda a ƙirar da ta biyo baya ake yi ta murɗa mabuɗin baya tukuna. Ta haka mai kaya zai san an taɓa masa akwati. Bayan jinkirta ɓarawo, makulli ya koyi ba da shaida.

To yaya Hobbs ya yi da su? Sirrinsa na cikin wata gaskiya da babu maƙerin da ya tsere mata, cewa ba a taɓa yanka ƙarafa biyu su zo daidai cif. Sai ya sa wani ɗan ƙarfe ya matsa wa sakata lamba kaɗan, kamar mai shirin buɗewa. Da yake harsunan ba su zo daidai ba, ɗaya zai riga sauran ɗaukar nauyin, ya yi tauri. Hobbs ya lalubo shi da siririyar waya, ya ɗaga a hankali har ya ji ya faɗa gurbinsa, nauyin ya koma kan wani, ya bi shi. A ɗauka makulli na da harsuna 6, kowanne da matakai 7. Mai gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya yana fuskantar haɗi 117,649. Mai bin harsunan ɗaiɗai kuwa gwaji 42 ne a gabansa, in ya yi yawa. Hobbs ya mai da lissafin ninkawa ya koma na tarawa.

Maƙera suka mayar da martani da giɓin ƙarya masu ruɗin yatsa, da wani labulen ƙarfe mai toshe ramin mabuɗi da zarar an fara murɗawa. Hobbs ya zauna a Landan ya kafa nasa kamfanin, kuma a 1854 wani ma'aikacin Chubb ya buɗe makullinsa, aka yi kunnen doki. Wasu sun zarge shi da koya wa ɓarayi sana'a. Amsarsa ita ce ɓarayi sun riga sun sani, mai kaya ne kaɗai ake bari cikin duhu in aka ɓoye raunin. Wannan muhawara ce masu tsaron kwamfuta ke yi har yau.

A Amurka kuwa Linus Yale ƙarami ya koma wa tsohuwar dabarar turaku ta Masar, ya mai da su 'yan allurai na tagulla da sifirin a bayansu, cikin ƙaramar ganga, da siririn mabuɗi mai haƙora a gefe. Ya yi mata rajista a 1861 da 1865. Yawancin kwaɗunan da ke rataye a ƙofofin shagunanmu jikokin wannan ƙira ne.

Daga makulli zuwa akwati, daga akwati zuwa mutum

Ɓarawon gaske bai cika zama lalube da waya ba. Da makulli ya yi wuya sai ya koma kan akwatin. Charles Chubb, ɗan'uwan Jeremiah, ya yi rajistar sef mai jure fashi a 1835, daga nan aka shiga tsere. Ɓarayi suka riƙa buga siraran ƙarafa cikin tsagar ƙofa, ƙarami sannan babba, har ƙofa ta ɓalle, sai aka yi wa bakin ƙofa matakala da ke shiga cikin juna. Suka ɗura albarushi ta ramin mabuɗi, sai aka rage sararin da ke cikin makullin. Suka zo da ruwan nakiya mai suna naitirogilisarin suna tsiyaya shi ta gefen ƙofa, sai aka yi ƙofofi masu da'ira da aka goge har ruwa ba ya samun hanya. Da wutar gas ta yankan ƙarfe ta bayyana a farkon ƙarni na 20, aka sa jan ƙarfe a tsakiyar bango don ya watsa zafin, aka ƙara da kankare. Saboda masu injin huda, ana sa faranti mai tsananin tauri a gaban makulli, wani lokaci da gilashi a bayansa. Bakin injin na taɓa gilashin ya tarwatse, ya saki wasu sakatu na ɓoye da za su datse ƙofar ta yadda ko lambar gaskiya ba ta buɗe ta.

Makullin lamba ya sami karɓuwa ne domin ba shi da ramin da za a zura waya ko albarushi. A bayan faifan da ake juyawa akwai wasu faya-fayai, yawanci uku, a jere kan sanda ɗaya, kowanne da giɓi ɗaya a bakinsa. Juyawa hagu da dama na jan su ɗaya bayan ɗaya. In giɓin uku suka haɗu a wuri ɗaya, wani ɗan ƙarfe da ke kwance a kansu ya faɗa ciki, sakata ta samu hanya.

Da ƙarfe ya gagara, sai aka koma kan mai riƙe da sirrin. A watan Janairun 1876 wasu 'yan fashi suka shiga gidan ma'ajin wani banki a garin Northampton na jihar Massachusetts da dare, suka ɗaure iyalinsa, suka gana masa azaba har ya faɗi lambobin, suka kwashe kuɗi da takardun kadara na fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. Maganin irin wannan ya riga ya fito, bankuna ne ba su gama karɓa ba. A 1873 James Sargent ya haɗa agogo da makulli. In aka rufe ƙofa da yamma aka saita awannin, babu mai buɗe ta, ko manaja, ko mai bankin, sai lokaci ya cika. Akan sa agogo biyu ko uku don kada ɗaya ya tsaya ya kulle kowa a waje. Wannan ƙira ta tsare kuɗi, ta kuma tsare ran ma'aji, domin dukan mutumin da ba shi da ikon buɗewa ba ya haifar da komai.

Akwai kuma ɓarawon cikin gida, wanda mabuɗi ke hannunsa da izini. Maganinsa tsoho ne. A ƙasashen da Sifaniya ta mallaka a nahiyar Amurka, akwatin kuɗin sarki makulli uku ne da shi, kowane mabuɗi a hannun jami'i dabam, ba a buɗewa sai ukun sun hallara. Akwatunan ajiya da bankuna ke ba da haya har yau a kan wannan tsari suke, mabuɗi ɗaya wurin banki, ɗaya wurin mai ajiya. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin masallaci da ke sa wa akwatin kuɗi kwaɗo biyu, shugaba ya riƙe ɗaya ma'aji ya riƙe ɗaya, hikimar nan suke bi, kuma tana kare mutuncin masu riƙon daga zargi kamar yadda take kare kuɗin.

Raunin da ya fi kowanne wuyar magani shi ne kasala. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Los Alamos inda Amurka ke ƙera bam ɗin nukiliya, masanin kimiyya Richard Feynman ya mai da buɗe akwatunan takardun sirri na abokan aikinsa abin wasa. Faifan na da lamba 100, ana zaɓar uku, haɗi miliyan ɗaya ke nan a takarda. Ya gano cewa ko ka kauce da lamba biyu makullin na karɓa, don haka gwada kowace lamba ta biyar ya wadatar, miliyan ɗaya ta koma 8,000. Sauran aikin mutane suka yi masa. Wasu ranar haihuwa suke sawa, wasu sanannun lambobin lissafi, wasu ko canza lambar da akwatin ya zo da ita daga kamfani ba su yi ba.

Ana auna sef da minti

Masana'antar ta daina alkawarin abin da ba ya buɗuwa. A Amurka, hukumar gwaji ta Underwriters Laboratories na sa ƙwararrunta su far wa sef da guduma da injin huda da zarto, suna riƙe da zanen cikinsa, ana duba agogo. Wanda ƙofarsa ta jure minti 15 na aiki tsantsa ya sami shaidar TL-15, wanda ta jure 30 ya sami TL-30. Minti 15 kamar wasa ne a kunne, amma lokacin da kayan aiki ke kan ƙarfe kawai ake ƙirgawa, a hannun waɗanda suka san inda za su nufa. Ƙa'idar ta kuma ce sef ɗin da bai kai nauyin kilo 340 ba dole a tanadi yadda za a ɗaure shi da ƙasa, tunanin maƙeran Nuremberg ke nan bai tsufa ba.

Mintocin nan ba su da amfani in babu mai zuwa. A hutun Ista na watan Afrilun 2015 wasu dattawa, jagoransu ɗan shekara 76, suka shiga wani ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa a Hatton Garden, unguwar masu gwal da lu'ulu'u ta Landan. Sun sauka ta ramin lif. Ƙatuwar ƙofar ɗakin ko taɓa ta ba su yi ba, bangon kankare mai kaurin santimita 50 da ke gefenta suka huda. Ƙararrawa ta yi aikinta a daren farko, amma 'yan sanda ba su zo ba, mai gadin da aka kira ya duba daga waje bai ga komai ba ya koma. Da wani injinsu ya ba su matsala suka tafi, suka sayo wani, suka dawo bayan kwana biyu. Sun fasa akwatuna 73, suka kwashi kayan kimanin fam miliyan 14. Bangon ya yi iyakar abin da aka gina shi ya yi, ya riƙe su dare guda cur. Mutanen da ya saya wa lokacin ne ba su yi amfani da shi ba.

Adaka da akwatin shago

Duk wannan ya shafi adakar da ke ƙarƙashin gado da akwatin cinikin da ke cikin shago. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɓarawo tsagar yake nema. Dubi adakar kwano da aka rataya wa kwaɗo mai tsada. Kunnen da kwaɗon ke maƙale a ciki ɗan siririn kwano ne da aka kama da ƙusa biyu, sukundireba ɗaya ta ɓanɓare shi. Juya ta baya, za ka ga hinjin a waje, da sandar da ɗan bugu kaɗan zai fitar. A akwatin katako sau da yawa kawunan sukurorin da suka riƙe kunnen na kallon mai zuwa, ya kwance su ya mayar ba tare da kwaɗon ya san an yi ba. Ƙarfin akwati na daidai da ƙarfin wurin da ya fi rauni a jikinsa.

Saboda haka gyaran na farawa daga jiki. Kunnen ya zama ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da noti ta ciki, kuma in an rufe ya lulluɓe kawunan abin da ya riƙe shi. Hinji ya koma ciki, ko a yi wa sandarsa walda. A zaɓi kwaɗon da wuyansa gajere ne mai kauri, wanda kafaɗun jikinsa suka rufe, don almakashin yankan ƙarfe da zarto su rasa wurin kamawa. Akwatin da mutum biyu za su iya ɗauka a ɗaure shi da daɓe ko bango ta ciki. Sabon kwaɗo kan zo da mabuɗi uku ko huɗu, mai shi ya san inda kowanne ya kwana, in ɗaya ya ɓata a canza kwaɗon a ranar. Mai makullin lamba ya guji shekarar haihuwa da ƙarshen lambar waya. Kuma a rage masu sanin abin da ke ciki, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Bayan an yi wannan duka, sauran tambayoyi biyu da ya kamata mai kaya ya amsa wa kansa da gaskiya. Minti nawa akwatin nan zai jure, da ƙara mai yawan gaske, a hannun mutum mai guduma da sandar ƙarfe? Cikin mintocin nan wa zai ji, kuma zai fito? In amsar ta farko minti goma ce, ta biyu kuma maƙwabci ne mai saurin farkawa ko mai gadin layi da ake biyansa a kan kari, akwatin ya tsaru fiye da sef mai tan guda a gidan da ba kowa. Kuɗin da za a ƙara wa kwaɗo na uku sau da yawa ya fi amfani in aka sa shi a fitilar ƙofar shago da haƙƙin mai gadi.

Akwai abokin gaba guda da ba ya jin ƙarar guduma ta dame shi, ba ya gudun mai gadi, kuma ƙarfen da ke tare ɓarawo shi yake miƙa masa zafi har cikin takardu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa washegarin gobara ya ga akwatunan da kwaɗonsu ke kulle lafiya lau, abin cikinsu ya zama toka. Yadda aka koyi gina akwatin da ke jure wuta shi ne zancen babi na gaba.